Rodin Gadar Alelu

Injiniya Shamsuddeen ya ɗaga guduma ya bugi rodin sau ɗaya. Ba da ƙarfi ba ma. Rodin ya ɓalle daga jikin turken ƙarfe, ya faɗa cikin taɓo.

Mai injin kwaɓa siminti ya kashe injinsa.

Jibrin mai walda yana tsaye a bakin ramin, hannuwansa a baya. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana walda a Jega, bai taɓa ganin aikinsa ya faɗi a gabansa ba.

"Bugi wani," in ji shi.

Injiniya ya matsa ya bugi na kusa. Ya ɓalle. Ya tsallaka wani turken ya buga, wannan ya lanƙwashe kawai. Ya koma wani, ya ɓalle.

Gadar ba babba ba ce. Ƙoramar bayan Alelu za ta haye, wadda ke hana manoman albasa kai kayansu Aliero duk damina. An riga an kafa turaku goma sha biyu, bututun ƙarfe masu kauri, inji ya dandaƙa su cikin ƙasa har suka ƙi tafiya. A kan kowane turke Jibrin ya yi waldar rodi takwas. Su ne za su shiga cikin kankare su ɗaure gadar da turakunta. Da zarar an zuba kankare, babu mai sake ganinsu. Kuma yau ce ranar zubawa, don shekaranjiya an yi ruwa a Maiyama, kowa ya san ƙoramar ba za ta daɗe a bushe ba.

Injiniya ya hauro daga ramin yana share zufa. Yaro ne a idon Jibrin, bai wuce talatin ba, da farar hular roba a kansa.

"Baba, wannan aikin ba zai karɓu ba."

"Aikina bai taɓa ƙin karɓuwa ba."

"Ga shi nan a ƙasa, kowa yana gani. Da mun zuba kankare a kansa fa? Da motar albasa ta hau?"

"Laihin rodi na."

"Kowane mai walda haka yake cewa." Injiniya ya rage murya, amma leburori suna ji. "Tun farko an ce in ɗauko masu walda daga Birnin Kebbi, masu takarda. Ni na ce a'a, akwai dattijo a Jega da kowa ke yabo. Yanzu me zan gaya wa ɗan kwangila?"

"Takarda ka yin walda?"

"Baba, ba faɗa nake yi ba. Na ba ka zuwa la'asar. Ka kawo mini dalilin da zan gani da idona. In ba haka ba, ka kwashe injinka, gobe wasu su zo su sake."

Jibrin ya sauka ramin, ya ciro guntun rodin daga taɓo, ya goge shi da gefen riga. Ya duba jikin turken. Waldarsa tana nan daram, layinta a miƙe, babu rami babu kumfa. Rodin ne ya karye daidai inda waldar ta ƙare, bakin karayar yana ƙyalli kamar gishiri. Rodin kirki ba ya yin haka. Lanƙwashewa yake yi.

Abu ɗaya ya gode wa Allah a kansa: yayansa Haliru ba ya wurin. Haliru shi ne Sarkin Maƙeran Alelu. Da aka ce gari ya ba da mutanen taimako, mai gari ya sa shi ya riƙa ɗage wa Jibrin wayar walda kada ta kwanta cikin ruwan ramin. Kwana biyar suna rami ɗaya, ban da gaisuwa babu abin da ya haɗa su. Tun ranar da Jibrin ya bar maƙerar ubansu ya tafi koyon walda, Haliru bai taɓa kiran sana'ar da sunanta ba. Liƙi yake ce mata. Jiya walda ta ƙare, shi ya sa yau bai zo ba.

Jibrin ya ɗaure guntun rodin a bayan tsohon babur ɗinsa, ya nufi Jega.

Alhaji Abdulwahab mai rodi yana zaune a ƙofar shagonsa yana shan rake. Jibrin bai yi sallama ba. Ya jefa guntun ƙarfen a gabansa har ya bugi ƙafar kujera.

"Mi kas sayar muna?"

"Subhanallahi! Jibo, gaisuwa ma an daina?"

"Dubi bakinai. Wanga rodi na ko karan dawa?"

Alhaji ya ɗauka ya juya shi. "Nawa na, ban musu ba. Ga sauranai can. Da shi anka yi benen makaranta Aliero, ba wanda yaz zo ya jehe ni da shi."

"Tarkacen bola na anka narka. Kun sa an kunyata ni gaban leburori!"

Mutane sun fara taruwa. Masu kabu-kabu biyu suka kashe babura don su ji da kyau.

"To, ba sai an yi hayaniya ba," in ji Alhaji. "Ga shagon Mu'azu nan, akwai wuta. Yanki daga tarin da kaka so, ka liƙa da hannunka, mu gani."

Jibrin ya zaɓa da kansa, daga ɗaurin da aka ɗebi na gadar. Mu'azu, mai waldar ƙofofi da ke maƙwabtaka da shagon, ya miƙa masa gilashin rufe fuska na walda ya ja gefe. Jibrin ya samu guntun bututu mai kauri, ya kankare tsatsar, ya jingina rodin, ya yi masa walda gefe biyu kamar yadda ya yi a gada, da tsinken walda irin nasa. Ya ajiye shi a ƙasa ya zauna yana jira ya huce. Da ƙarfen ya taɓu da hannu, sai ya karɓi babbar guduma ya buga.

Rodin ya lanƙwashe. Ya ƙara. Ya ƙara lanƙwashewa. Sau bakwai ya buga har ƙarfen ya kwanta a jikin bututun, bai ko tsage ba.

Alhaji ya tofar da ɓawon rake. "To, Jibo. Rodi dai ya hita. Wa yar rage?"

Wani daga cikin masu kabu-kabu ya yi dariya.

"Ba zagi na ba," Alhaji ya ci gaba. "Shekaru sun tahi. Ni ma yanzu sai an karanta min lambar waya. In hannu ya hwara rawa, mutum ya koma gida ya riƙe tazbaha."

Jibrin ya miƙa hannunsa a gaban fuskar Alhaji, ya buɗe yatsu. Baƙi ne, duk tabon ƙuna. Bai motsa ba ko kaɗan.

"Ka ga rawa?"

"Ni dai ban ga laihin rodina ba."

Jibrin ya ɗauki guntunsa ya hau babur. A hanya zuciyarsa tana tafasa, kuma ba ta da wanda za ta tafasa a kansa. Rodi ɗaya, tsinke ɗaya, hannu ɗaya. A Jega ya lanƙwashe, a Alelu ya karye. Ya tuna yadda ya yi aikin. Bai yi gaggawa ba. Ba ya ma yin rodi biyu a jere a kan turke ɗaya. In ya gama ɗaya, sai ya juya ya koma turken da ke bayansa, don kada zafi ya taru wuri guda, na farkon ya huce a hankali. Haka ya koya, haka ya yi shekara arba'in. Ina kuskuren?

Ya yi azahar a bakin hanya, ya iso gadar rana tana tsakiyar zafinta. Injiniya yana cikin motarsa yana waya. Leburori sun kwanta a ƙarƙashin motar yashi. Jibrin ya zauna a gindin bishiyar bedi, inda Hindu ke sayar wa ma'aikata shinkafa da wake. Dattijuwa ce daga Alelu, ta san gidansu tun uwarsu na da rai.

"Malam Jibo, in zuba ma?"

"A'a."

"Ci dai. Hushi ba ya cika ciki." Ta zuba ta tura masa kwanon. "Ni abin ya ɗaure min kai. Duk ruwan da anka ba su, kuma su karye?"

Jibrin ya ɗago. "Wane ruwa?"

"Ruwan da Sarkin Maƙera ka ba su mana."

"Mi kika cewa?"

"Kai, Malam Jibo, kamar ba a gabanka ba! Kana gama ɗaya ka juya, shi ko hannu guda ga waya, guda ya ɗebo da gwangwani ya kwara mishi tun shina ja. Har nan nika ganin tururi. Na ce ma yaran ga, ku dubi 'yan uwa, ƙane na liƙi, wa na ba da ruwa, aiki ya yi kyau."

Jibrin ya ture kwanon. Ya tashi ya nufi motar yashi, ya tsaya a kan leburorin.

"Kun ga ana zuba ma waldata ruwa?"

Suka tashi zaune suna kallon juna. Wani mai furfura a cikinsu ya ce, "Mun gani, Baba. Mun ɗauka haka aikin shike."

"Kwana biyar! Ba wanda yab buɗa baki?"

"Sarkin Maƙera na, Baba. Kuma yayanka. Wa za ya tambaye shi zancen ƙarhe?"

Yanzu ya gane. Fuskarsa a cikin gilashi, janareta yana ruri a kunnensa, ƙasan ramin dama taɓo ne. Kowa a wurin ya gani sai shi.

Bai hau babur ba. Da ƙafa ya shiga gari, guntun rodin a hannunsa.

Maƙerar tana inda take tun zamanin ubansu, rumfar kara a bayan masallaci. Haliru yana zaune a ƙasa, yana zuga da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da awartaki. Ya ba saba'in baya, amma kafaɗunsa ba su faɗa ba. Ya ga ƙanensa, bai daina zuga ba.

"Jibo. An ce liƙinka ya zube."

"Wa yas sa ka?"

"Haka aka shigowa maƙerar ubanka?"

"Wa yas sa ka zuba ruwa ga aikina?"

Haliru ya ajiye awartaki a hankali. "Ba wanda yas sa ni. Na ga kana barin ƙarhe ɗanye, na ƙarasa ma. Gada ta, mutane za su hau."

"Ka ƙarasa min!"

"Ƙarhen da yash sha wuta sai ya sha ruwa. Tun kana rarrahe nis san wannan."

"Ka tambaye ni?"

"In tambaye ka? Ni?" Haliru ya yi tsaki. "Da na yi magana da ka ce tsoho bai san zamani ba. Na yi shiru na gyara, ban nemi godiya ba."

"Ka kashe aikin kwana biyar! Ka sa yaron da bai kai ɗana ba ya tsaya gaban leburori shina koya min walda. Ka sa mai rodi ya ce in tahi gida in riƙe tazbaha. Shekara arba'in ban taɓa taɓa gatarinka ba, ban taɓa ce ma ga yadda aka yin galma ba. Mi yak kai hannunka ga nawa?"

"Rage murya. Nan ba bakin titi na ba."

"Ba ni ragewa!"

Wasu mata da suka kawo gyaran wuƙa suka juya daga nesa.

"Rodi ƙarhe na mai taushi," in ji Haliru. "Na yi turken dabbobi da shi ya hi a ƙirga. Ruwa bai taɓa karya shi ba. In ya karye, liƙinka na bai kama ba."

"Wancan rodin da na, mai santsi. Ka taɓa sa wanga mai zane ga wuta?" Jibrin ya jefa masa guntun. "Sa shi. Ka yi mishi yadda kay yi ma nawa."

Haliru ya dube shi, ya dubi ƙarfen. Ya cusa shi cikin gawayi ya ja zugazugi har ƙarfen ya yi ja. Ya ciro shi da awartaki ya tsoma a kwatarniya. Ruwan ya yi kuka, tururi ya tashi. Ya ɗora shi a kan uwar maƙera, rabinsa a waje, ya ɗaga guduma.

Bugu ɗaya. Ƙarfen ya tsinke, rabin ya yi tsalle ya bugi ginshiƙin rumfa.

Haliru ya ɗauki wanda ya rage ya kai shi kusa da ido. Ya shafa bakin karayar da babban yatsa. Ya daɗe yana shafawa.

"Wanga ba rodi na ba," in ji shi a hankali. "Akwai ƙarhen sifirin mota ciki, wanda ruwa ka sa ya karye."

"Da ka tambaya da an gaya ma."

Haliru ya ajiye guntun a kan uwar maƙera.

"La'asar injiniya ka jirana. In ban kai dalili ba, ya kore ni, gobe Jega duk ta ji hannun Jibo ya mutu."

"Tahi ka gaya mishi abin da kaga dama."

"Zan gaya mishi."

Ya fita. A masallacin ya yi la'asar, a sahun baya, bai tsaya gaisawa da kowa ba. Da ya idar ya zauna kaɗan. Ya san abin da zai biyo baya in ya faɗi sunan. Injiniya zai rubuta, mai gari zai ji, kuma kafin kasuwar Jega ta ci, har Kimba za a riƙa ba da labarin Sarkin Maƙeran da bai san ƙarfe ba. Ya ce a ransa, shi ya ja wa kansa. Ya sake faɗa. Fushin bai ragu ba, kuma ƙafarsa ta yi nauyi.

Injiniya yana jingine da motarsa. Gabas ta fara haɗa gajimare. Leburori suka matso.

"To, Baba?"

"Ba rodi na ba. Ba waldata ta ba. Ruwa anka zuba musu suna da zahi."

Injiniya ya miƙe tsaye. "Ruwa? A kan walda? Wane mahaukaci ne ya yi wannan?"

"Kama bakinka."

"Baba, ina tambaya ne. Wa ya zuba?"

Jibrin ya dubi ramin. "Ina ciki anka zuba, ban gani ba. Aikina na, ni ya kamata in gani. Rubuta haka."

"Ba zan rubuta haka ba. Ta ina zan san ba ƙirƙira ka yi ba?" Ya juya ga leburori. "Ku, wa ya zuba ruwa?"

Mai furfurar nan ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalminsa na roba. Sauran suka dubi gajimare. Hindu ta shiga kankare tukunyar da ta riga ta wanke.

"Shi ke nan," in ji injiniya. "In babu shaida, Baba, sai dai ka yi haƙuri. Ka kwashe..."

Ƙarar guduma ta katse shi.

Daga cikin ramin ta fito. Duk suka nufi bakin. Haliru ne a ƙasa, ya naɗe wando zuwa gwiwa, da gudumar maƙera a hannu. Ta wancan gefen ya sauka, ba wanda ya gan shi. Yana bin rodin ɗaya bayan ɗaya, kowanne bugu guda, yana faɗuwa cikin taɓo. Ya gama turke ɗaya ya koma na gaba. Da ya zo kan na uku da na huɗu sai ya wuce su, bai taɓa ba.

"Kai! Dattijo! Wa ya ba ka izini?" Injiniya ya juya ga Jibrin. "Wane ne wannan? Me ya sa ya tsallake waɗancan?"

Haliru ne ya amsa daga ƙasa, bai ɗago kai ba. "Waɗanga biyu lahiya lau suke. Ranar Talata anka yi su, na tahi jana'iza Kimba."

Ya sake ɗaga guduma.

Injiniya ya cire hular robar ya riƙe a hannu. Ya dubi tsohon da ke cikin rami, ya dubi wanda ke gefensa, ya ga hanci ɗaya da goshi ɗaya.

"Ai wannan dattijon bai kamata ya sake..."

"Ba ka da bakin yi mishi hwaɗa," in ji Jibrin. "Ni ad da shi."

Injiniya ya sauka da kansa, ya karɓi wata guduma, ya je kan turaku biyun da aka tsallake. Ya buga rodi goma sha shida da iya ƙarfinsa. Ko ɗaya bai ɓalle ba. Ya hauro yana haki.

"Rodi tamanin ke nan za a sake. A goge tsohuwar waldar tas kafin a ɗora sabuwa. Kwana nawa?"

"Huɗu."

"Uku, Baba. Dubi gabas."

"Huɗu. Ƙarhe ba ya hucewa don kana gaggawa."

Injiniya ya mayar da hularsa. "Huɗu. Amma ni zan tsaya a kai."

"Tsaya. Kada dai ka sa baki."

Jibrin ya je ya ja igiyar janareta. Injin ya tashi a ja na uku. Ya rataya gilashinsa, ya ɗauki injin gugar ƙarfe da damin tsinken walda, ya sauka ramin yana jan waya a bayansa. Haliru ya gama turke na ƙarshe, yana tsaye cikin taɓo, gudumar a rataye a hannunsa. Ba su dubi juna ba.

Jibrin ya tattara wayar ya tura masa a ƙirji.

"Riƙe," in ji shi. "Da hannu biyu."